Ina Za Mu Ɗaure Ragon Layya a Hawa na 24?

Mu a unguwarmu ta Mararaba, majalisa ba ta cika sai bayan sallar isha'i. Lokacin ne masu aiki cikin Abuja suka gama fama da cunkoson Nyanya, kowa ya watsa ruwa, ya zura silifas ya nufo teburin Mai Shayi. Benci uku ne da tabarma ɗaya, ita kuma tabarmar ta Liman ce da Baba Magini. Can gefe Inna mai ƙosai ce da kaskonta. A lissafi ba 'yar majalisa ba ce, amma ba a rufe magana sai ta sa baki.

Daren da nake ba ku labari, Direba ne ya zo da zancen. Ya kai fasinja tashar jirgin ƙasa ta tsakiyar birni, ya tsaya jiran na dawowa, sai ya ɗaga kai ya shiga ƙirga hawan benayen gilashin nan biyu da ke kusa da tashar.

"Wallahi Baba, sai da hulata ta faɗi," in ji shi. "Na ƙirga na ɓata, na sake ƙirgawa na ɓata."

Injiniya ya ajiye kofinsa. Ɗan maƙwabcinmu ne, tun yana aji ɗaya a jami'a unguwa ta laƙaba masa sunan, har Allah ya tabbatar masa da shi. Ya ce, "Kawu, ai World Trade Center ka gani, wato Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, wadda kamfanin Churchgate ya gina a titin Constitution. Ɗaya benen gidajen kwana ne, hawa 24. Ɗayan ofisoshi ne, shi ma ya haura hawa 20, kuma kowannensu ya wuce mita 100. A tsarin da masu aikin suka fitar har da otal mai hawa 37 da rukunin kantuna, duk a fili ɗaya. Mutum ya kwana, ya yi aiki, ya yi cefane, ya sauke baƙonsa, bai taka titi ba."

"Bai taka titi ba?" in ji Mai Shayi, yana juya shayi daga kofi zuwa kofi. "To ni wa zan sayar wa?"

Aka kwashe da dariya. Alhaji ya gyara zaman babbar rigarsa ya dubi Direba.

"Kai ɗan nan, ba ka ga bene ba tukuna. Wanda ya tsaya a harabar Harami ya ɗaga kai ya dubi agogon Makka, shi ya ga bene. Mita 601 ne, a 2012 aka kammala shi. Ciki otal-otal ne da gidajen kwana da kantuna da wurin sallah. Mu da aka sauke a Misfala, in ka ɓace da dare shi za ka hanga ka gane gabas. Amma duk kwanakin da na yi ina kallonsa, ban taɓa jin ina son in tare a ciki ba. Masauki ne. Masauki daban, gida daban."

"Ni dai Alhaji, in aka ba ni kyauta gobe zan kwashe iyali," in ji Direba. "Ga iska, ba ƙura, ba ambaliya, ba wanda zai haura maka katanga. Minti biyar ka isa wurin aiki, ba sai ka fita tun ana kiran assalatu ba."

Inna ta tsame ƙosai daga mai, ta zuba a kwando, ba ta ko waiwayo ba ta ce, "To ɗana, ina za ka ɗaure ragon layya?"

Direba ya buɗe baki ya rufe.

Wannan tambaya ita ta riƙe mu har dare ya raba, ita kuma ta sa na ɗauki alƙalami. Domin mu, ba ranar Sallah rago ke shigowa gida ba. Wani tun da watanni ya saye shi yana kiwo, yau dusa gobe harawa, yara su fita da shi yawo da yamma, maƙwabta su leƙo su ce tubarkalla. Ranar yanka a ƙofar gida ake yi, a haƙa ɗan rami saboda jini, a feɗe, a banƙare, a jingina gefen wuta. Mata su wuni suna suya, yara su yi ta zirga-zirga da kwanoni: wannan na gidan Liman, wannan na gwauruwar da ke bayan masallaci, wannan na maƙwabcinmu Kirista da ke aiko mana da shinkafar Kirsimeti. Duk wannan hidima ƙasa take nema, ƙasar da ƙafa ke takawa.

Inna kuwa ba ta gama ba. Ta goge hannu da gefen zane ta juyo.

"Bar ma rago, shi shekara-shekara ne. Turmi fa? In na kafa turmi a hawa na 12, wanda ke ƙarƙashina ai sai ya zaci aradu ce. Ina zan shanya kuɓewa da tattasai? Ina zan ƙulla igiyar shanya? Ranar suna, ina mata za su baje tabarmi, ina za a ɗora tukunyar biki? In an yi rasuwa, Allah ya sa da sauran kwana, ina maza za su zauna karɓar gaisuwa? Makara ma, za ta shiga wannan akwati da ke hawa da mutane?"

"Inna, lif sunansa," in ji Injiniya. "Kuma a dogayen benaye akan yi wani babba na kaya, wanda gadon marar lafiya ke shiga."

"To ka gani," in ji Inna. "Sun tuna da marar lafiya. Da sun tambaye mu, da sun tuna da masu zuwa dubiya."

Nan Baba Magini ya yi gyaran murya. Tsoho ne da ya fara aiki da laka tun yana miƙa wa mahaifinsa tubali, kafin zamani ya mai da shi birkila. In zai yi magana Mai Shayi ma yakan rage rediyo.

"Kada yaran nan su ɗauka mu baƙin bene ne," in ji shi. "Ku je cikin birnin Kano, ku je Zariya, ku je Katsina, ku ga soron bene da attajiran zamanin da suka ɗora a kan zaure. Da me aka yi? Tubali ne da azara, a shafe da makuba ko laso, a fitar da zanko da indararo. Hasumiyar Gobarau tana nan tsaye a Katsina. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, shi ya gina masallacin Juma'a na Zariya zamanin Sarki Abdulkarim, masana gini sun daɗe suna zuwa kallon bakan gizonsa."

Gaskiya Baba ya faɗa. Hasumiyar masallacin Agadas a Nijar, mita 27 ce, kuma laka ce da itace. Kakanninmu sun san hawa sama. Abin da suka fi ƙwarewa a kai shi ne tsara yadda mutum zai shiga gida, kuma nan Baba ya nufa.

"Maginin Hausa ba daga ɗaki yake fara tunani ba, daga ƙofa yake farawa. Da farko dakali, na kowa da kowa, ko mai wucewa ya gaji ya zauna. Sai zaure, na maigida da baƙinsa. Nan ake cin tuwon dare tare da maƙwabta, nan yara ke karatun allo, nan ake sulhu, nan ake neman aure, nan matafiyi ke kwana ba a tambaye shi ko ɗan wane ne ba. Sai shigifa, ta makusanta. Sannan tsakar gida, ta mata da yara. Kuma ba ma saita ƙofa da ƙofa, sai mun karkatar, don kada idon mai wucewa ya faɗa ciki. Gidan Bahaushe mataki-mataki ne tun kafin a ɗora masa matakala. Yanzu fa? Ka buɗe ƙofa ɗaya, ga ka tsakiyar falo, ga madafa, ga ƙofar uwargida. Baƙo ya takura, masu gida su takura."

Ɗan Auta, wanda shi ne ƙarami a majalisa, ya matso kusa da tabarma ya ce, "Allah gafarta Malam, ni na ji ana cewa gasar dogayen gine-gine tana cikin alamomin tashin ƙiyama. Ashe ba haramun ba ne shiga irin gidajen nan?"

Liman ya yi murmushi. "Ya zo cikin alamomi, haka ne. Amma ba duk abin da aka ambata a alamomi ne ya zama haramun ba. Abin zargi shi ne fahariya da almubazzaranci, ko a bene ko a bukka. Ni abin da ya fi damuna shi ne maƙwabtaka. Wasu malamai sun ƙiyasta maƙwabci da gida arba'in ta kowace fuska. Mu mun saba da gabas da yamma, kudu da arewa. Yanzu an ƙaro mana sama da ƙasa. Mutum yana kwance, wani na kansa, wani na ƙarƙashinsa, rufin wannan shi ne daɓen wancan. Babu maƙwabtakar da ta kai wannan kusanci. To in ka shekara ba ka san sunansa ba, haƙƙinsa yana wuyan wa?"

Injiniya ya ce, "Malam, har buɗa baki ma bene ya taɓa. A Dubai akwai Burj Khalifa, mita 828, an buɗe shi a 2010. Malaman can sun ce wanda ke sama da hawa na 80 ya ƙara minti biyu kafin ya sha ruwa, wanda ya wuce hawa na 150 ya ƙara uku, domin na ƙasa rana ta faɗi masa, na sama yana ganinta."

"Daidai ne," in ji Liman. "Kowa da faɗuwar ranarsa. Ka ga malamansu sun zauna sun duba yadda za su rayu a bene da addininsu. Mu ma aikin da ke gabanmu ke nan. Wanda ke hawa na 20, in lif ya tsaya da asuba, jam'i fa? Dole masallaci ya hau tare da shi."

Hausawa suka ce zumunta a ƙafa take, kuma a unguwa irin tamu ba karin magana ba ce kawai, aikin kullum ne. Mu ne masu aika yaro maƙwabta aron gishiri, ya dawo da gishirin da ɗan kwanon dambu. Mu ne masu ciyayya, kwano ya fita da tuwo ya dawo da fate. Yaron unguwa ya shiga kowane gida ya tarar ana ci ya sa hannu, in ya yi ba daidai ba kowace uwa ta tsawata masa. Mace ta fara naƙuda cikin dare miji ba ya nan, kafin ta kira wani maƙwabciya ta riga ta yafa mayafi, Direba ya tada mota. Tsoho ya kwana yana tari, ta katanga za a ji, da safe a shigo gaishe shi. Ba mu da inshora, ba mu da gidan renon tsofaffi, ba mu da motar asibitin da za ta zo cikin minti goma. Maƙwabci muke da shi.

A irin benayen can kuwa, akwai geti, akwai maigadi, akwai katin da ke buɗe ƙofa. Baƙo ya zo sai an buga waya sama an tambaya ko ana sa ran zuwansa. Mu kuwa baƙonmu ba ya sanarwa, sallama yake yi. Ƙanwar mahaifiya ta taso daga Daura da buhun gero da kaji biyu, ba ta da lambar kowa, sunan gida kawai ta sani. Ga kuma jama'ar da abincinsu ke ƙofar gidaje: mai tallan nono, mai gyaran takalmi, wanzami, ga-ruwa da kurarsa, mai sayen tsofaffin ƙarafa. Tambayar Mai Shayi ta ba mu dariya, amma ta mutum dubu ce.

Har nan majalisa ta karkata gefe ɗaya, kowa yana gyaɗa kai. Sai Injiniya ya miƙe zaune ya ce, "Baba, Malam, ku yi mini afuwa, zan faɗi wadda ba ta da daɗi."

"Faɗi, ɗana," in ji Baba Magini. "Gaskiya ɗaci gare ta."

"Duk abin da aka faɗa haka yake. Amma ku dubi inda muke zaune. A 1976 Janar Murtala ya ayyana Abuja, a 1991 gwamnati ta taso daga Legas ta tare. Mu da muke yi wa birnin aiki, ina muke kwana? Mararaba, Masaka, Nyanya, Kubwa, Zuba, har Suleja. Nan da muke ma Jihar Nasarawa ce. Kawu Direba yana barin gida yaransa na barci, ya dawo sun yi barci. Wane zumunci ya rage wa wanda rabin ransa ke kan titi? Kuma mu, kowa burinsa fulotinsa, ya zagaye da katanga, ko da zai shekara goma bai ɗora bulo ɗaya a ciki ba. Ku dubi Kano. Gonakin Kumbotso da Ungogo da hanyar Dawakin Kudu, inda ake noman dawa da gero, yanzu duk an yanka su fulotai. In gona ta ƙare mu gangara hanyar ruwa mu gina, damina ta zo mu ce ƙaddara. Hekta ɗaya, in an cire hanyoyi, ba ta kai fuloti 20 na ƙafa 50 da 100 ba. A wannan hektar, in benaye masu hawa biyar aka yi, iyali sama da 100 za su zauna, da filin wasan yara. Ƙasa ba ta ƙaruwa, Baba. Mu ne muke ƙaruwa."

Ba wanda ya tanka, domin kowa a wurin ko yana da fili a bayan gari ko yana adashin sayensa.

"Sannan bene ba katanga ba ce da za a gina a manta," ya ci gaba. "Rai gare shi, kullum sai an ciyar da shi. Ruwa ba ya hawa sama da kansa, sai inji ya tura shi. Lif sai da wuta, in an ɗauke janareto ya karɓa nan take. Tsanin motar kashe gobara ba ya kaiwa ƙololuwa, saboda haka dole ginin ya iya kare kansa: matakalar gudu fiye da ɗaya, ƙofofin da ke tare hayaƙi, bututun da ke yayyafa ruwa da kansu. A Landan, a 2017, benen Grenfell mai hawa 24 ya kama wuta, mutum 72 suka rasu. Matakala ɗaya gare shi, kuma abin da aka lulluɓe bangonsa da shi ya taimaki wutar. A Ikoyi ta Legas, ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rushe ana cikin gininsa, fiye da mutum 40 suka mutu. Duk wannan kulawa kuɗi ce, kuma mazauna ke biya, wata-wata ko shekara-shekara, ban da kuɗin haya."

Mai Shayi ya dafe kai. "Mu da taransifoma ta lalace bara, wata biyu ana bi gida-gida kafin kuɗin gyara su haɗu?"

"Wani ma cewa ya yi shi ƙwai ɗaya yake kunnawa," in ji Direba.

Wannan ma mu ne, kuma ba zan ɓoye ba. Mu ne masu share ƙofar gida tas mu tura sharar cikin kwata, kwatar ta cushe mu ce aikin gwamnati ne. In abu na mutum ɗaya ne muna tattalinsa kamar ƙwai, in na kowa ne sai ya zama marar uba. Mu ne masu ɗora hawa biyu a kan harsashin da aka haƙa don ɗaki da falo, mu rage rodi, mu so buhun siminti ɗaya ya yi aikin biyu, mu ce kiran injiniya ɓarnar kuɗi ce. A gidan ƙasa wannan hali katanga yake tsagawa. A bene rayuka yake ci. Mutanen da za su tara kuɗin biki cikin kwana uku, su cika makabarta don rakiyar wanda ba su sani ba, bai kamata kuɗin gyaran famfon da suke sha tare ya gagare su ba.

Can ƙarshen benci akwai wani bawan Allah mai ɗaurin rodi, wanda ba ya cika magana. Daren nan ya ce, "Ni shekara biyu na yi a wani dogon bene cikin gari. Na ci garau-garau a hawa na 18, na shimfiɗa kwali na yi azahar a can, ina hango Dutsen Aso kamar in miƙa hannu. Tun ranar da aka sa gilashi aka kafa geti ban sake shiga ba. Ba na jin haushi, an biya ni haƙƙina. Amma duk sanda na wuce nakan ce a raina, hannun da ya ɗaura wannan zai iya ɗaura wanda 'ya'yana za su kwana a ciki."

Maganarsa ta fi ta kowa nauyi. Benayen tsakiyar birni ba don mu aka yi su ba. An yi su don manyan kamfanoni da baƙin ƙasashen waje da masu hannu da shuni, kuma birni yana buƙatarsu, domin suna kawo aiki da ciniki. Mu ne leburorinsu, mu ne masu gadinsu, mu ne direbobin masu shiga cikinsu. Amma cunkoson da ya sa attajiri ya hau sama, shi ne ya koro talaka bayan gari. In attajiri ya sami bene daidai da rayuwarsa, malamin makaranta da ɗan tireda da direba su ma suna buƙatar bene daidai da tasu.

Injiniya ya ce akwai inda aka gwada. A Singafo gwamnati ta kafa hukumar gidaje a 1960, ta yi ta gina benaye, har yau kusan mutum 8 cikin 10 na ƙasar a cikinsu suke zaune. A da yawa daga benayen, hawan ƙasa ba a yi masa ɗakuna, ginshiƙai ne kawai da fili a buɗe. Nan tsofaffi ke hira, nan Musulmi 'yan ƙabilar Malay ke shagalin aure, nan Sinawa ke zaman makoki.

Baba Magini ya buga cinya. "Ai zaure ne! Zaure suka ɗauka suka sa ƙarƙashin bene!"

Daga nan majalisa ta koma ofishin zanen gini. Baba ya jawo tsinke ya shiga zane a ƙasa, Mai Shayi ya matso da fitila. Aka ce kada ya wuce hawa huɗu ko biyar, yadda ko babu wuta ƙafa za ta iya, kuma kuɗin kula ba zai karya mutum ba. Hawan ƙasa a bar shi zaure da masallaci, da 'yan ɗakuna na tsofaffi da masu lalurar ƙafa. Liman ya ce a yi wurin alwala mai kyau da ɗakin wankan gawa. Baba ya ce kowane gida a yi masa ɗan soro kafin falo, da ƙofa a karkace, kuma kowane hawa a ba shi baranda mai faɗi wadda za ta zame wa mata tsakar gida. Inna ta ce rufin sama na shanya ne, a kewaye shi da bango mai tsayi saboda yara, sannan a ƙasa a yi madafar biki da wurin turmi. Alhaji ya ce a ware ɗakin baƙi na kowa da kowa, wanda ya yi baƙo ya karɓi makulli. Mai Shayi ya ce a jera rumfuna a bakin geti, ta farko tasa, ta biyu ta Inna. Injiniya ya ce duk ya yarda, da sharaɗi biyu: a auna ƙasa kafin a haƙa harsashi, kuma a naɗa mai unguwar bene da ma'aji, kowa ya biya nasa ranar ɗaya ga wata.

"Ragon fa?" in ji Direba.

"Garke a bayan gini," in ji Inna, "da daɓen yanka da magudana. Kowa ya sa wa nasa alama."

Duk abin da aka zana a ƙasar nan, babu wanda ya fi ƙarfin injiniyoyinmu. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta daɗe tana yaye masu zanen gini, kuma da yawansu a gidan zaure aka haife su. Abin da ya rage shi ne a daina kwaso zanen gidan wasu a dasa mana, a fara da tambayar masu shiga.

Don haka ina kira ga masu zanen gini da hukumomin gidaje na jihohinmu, da attajiranmu masu zuba kuɗi a gidajen haya: kafin ku ja layi ɗaya a takarda, ku zauna da mata, ku zauna da limamai da tsofaffin magina, ku tambaye su yadda ake suna da biki da makoki da layya. Mu kuma mazauna unguwa, mu fara gyara halinmu tun muna ƙasa. Kwatar layinku, fitilar masallacinku, taransifomar unguwarku, su ne jarrabawar zaman bene. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bene kuwa jinka ce ta gida ɗari. 'Ya'yanmu za su hau sama, ko mun so ko mun ƙi. Mu tabbata sun hau da zaurensu da masallacinsu, kuma sun san sunan wanda ke kansu da wanda ke ƙarƙashinsu.